Yadda A Ke Gyara Kamannin Abin Da Aka Zaɓa A Bishiyar Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta ya buɗe wurin da a ke ajiye takardu, ya ga wani jerin sunaye a gefen hagu na allo. Can sama akwai suna guda ɗaya, ƙarƙashinsa waɗansu sunaye sun ɗan shige ciki, ƙarƙashin waɗannan kuma waɗansu sun ƙara shigewa. In ka taɓa 'yar alamar da ke gefen suna, sai ya buɗe ya nuna 'ya'yansa, in ka sake taɓawa ya rufe. Wannan jerin shi masu sana'ar kwamfuta su ke kira bishiya. Bishiya ce dai mai ban mamaki, gama saiwarta tana sama, rassanta suna yin ƙasa, kamar yadda a kan zana salsalar sarakuna a littafin tarihi, kakan gida a bisa, jikoki a ƙasa. Ba sabon abu ba ne. Tun a Windows 3.0 na 1990 a ke nuna jakunkunan ajiya ta wannan hanya, har yau kuwa ba a bar ta ba, domin babu wata hanya da ta fi ta saurin nuna wane ne ke ƙarƙashin wane.

Mu ɗauki misali daga aikinmu na malanta. A ce an yi wa makaranta manhaja ta ajiye makin jarrabawa. Saiwar bishiya ita ce sunan makaranta. Rassa su ne azuzuwa, Aji 1, Aji 2, har zuwa Aji 6. Kowane aji ya rabu, akwai 4A da 4B. A ƙarshe sai sunayen yara, waɗanda babu kome ƙarƙashinsu, su a ke kira ganye. To, in malami ya ja linzamin kwamfuta (ɗan abin nan da Turawa ke kira ɓera saboda jelarsa) ya danna wani suna, sai sunan ya sake kama, a shafa masa launi a baya. Shi ke nan an zaɓe shi. Duk abin da malamin zai yi nan gaba, ko shigar da maki, ko buga takarda, ko sharewa, a kan wannan sunan zai faɗa.

Watakila wani ya ce, wannan ai ƙaramin abu ne, mene ne na ɓata takarda a kan launin layi ɗaya? Bari in ba ku labari. Na taɓa zama a wani ɗakin taro inda wani malami ke nuna wa 'yan'uwansa irin wannan manhaja da majigi. Rana ta take, tagogi a buɗe, hasken majigin kuwa ya tsufa. A allon kwamfutarsa launin zaɓi shuɗi ne mai haske, yana ganinsa sarai in ya sunkuya, amma shi bango ya ke kallo, a bangon kuma babu alamar kome. Yana tsammani yana kan ajin gwaji da ya ƙirƙira don nuni, ashe hannunsa ya goce zuwa ajin da ke bisansa. Ya danna sharewa, kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce i. Makin yara na zango guda ya tafi, sai da aka kwana biyu a na sake kwafowa daga takardun jarrabawa. Ba wanda ya zargi launi a ranar, malamin aka yi ta yi wa dariya. Amma ni ina ganin rabin laifin na wanda ya gina manhajar ne, da bai tsaya ya duba ko zaɓinsa zai ganu a ko'ina ba.

Kayan gina manhaja suna da yawa, kowanne da irin bishiyarsa. Zan tsaya a kan guda ɗaya, watau na harshen Java, domin wanda ya gane shi ba zai sha wahalar sauran ba. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da Java a 1995, kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010. A cikin Java akwai tarin kayan zane-zanen tagogi da a ke kira Swing, wanda ya shiga jikin Java sosai a 1998. Bishiyar Swing sunanta JTree. Zan ambaci waɗansu sunaye irin wannan nan gaba. Ku lura, yadda aka rubuta su haka a ke buga su, a haɗe, babban harafi a inda ya ke, gama kwamfuta ba ta san uzuri ba.

Abu na fari da ya kamata a gane, wanda kuma shi ne gindin maganar duka, shi ne wannan: bishiyar ba ita ke zana layukanta da kanta ba. Tana da wani bara mai zane, kuma guda ɗaya tak ne, ko da layukan sun kai dubu. Ku tuna da hatimin ofis irin mai kwanan wata, wanda akawu ke murza lambobinsa. Hatimi ɗaya ne, a murza shi a buga a wannan takarda, a sake murzawa a buga a waccan. Haka mai zanen ya ke. In za a zana layi na fari, bishiya ta kira shi ta faɗa masa halin layin, ya shirya kansa, a buga shi a allo. Sa'an nan ta kira shi don layi na biyu, ya sake shiri, a buga. Abin da ka ke gani a allo sawun hatimi ne kawai. Dalilin yin haka kuwa tattali ne. Da kowane layi yana da nasa mai zane, da bishiya mai yara dubu biyar ta cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta riƙa jan ƙafa.

Duk lokacin da bishiya ta kira mai zane, abu bakwai ta ke miƙa masa. Tana ba shi ita kanta, da abin da ke layin (sunan yaro, ko na aji), da lambar layin, wadda a ke fara ƙirgawa daga 0. Sauran huɗun tambayoyi ne masu amsar i ko a'a: an zaɓi layin? reshen a buɗe ya ke? ganye ne? ragama tana kansa? Wannan ta ƙarshe za mu komo kanta, gama nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Mai zanen da Swing ke bayarwa kyauta sunansa DefaultTreeCellRenderer. Yana riƙe da launi biyar: launin rubutu in an zaɓa, launin rubutu in ba a zaɓa ba, launin baya in an zaɓa, launin baya in ba a zaɓa ba, da launin ɗan zaren da ke kewaye layin da ragama ke kai. Yana kuma da 'yan hotuna uku, na reshe buɗaɗɗe, na reshe rufaffe, da na ganye. Wanda bukatarsa kawai ya sake launin zaɓi, aikinsa bai fi layi huɗu ba. Ya ƙirƙiri sabon mai zane, ya ba shi launin baya da umurnin setBackgroundSelectionColor, ya ba shi launin rubutu da setTextSelectionColor, sa'an nan ya miƙa shi ga bishiya da setCellRenderer. In kuwa bishiyoyin manhajar suna da yawa, a na so duka su yi kama ɗaya, akwai wata ma'ajiya mai suna UIManager inda a ke rubuta launin sau ɗaya ƙarƙashin sunan Tree.selectionBackground. Sai dai a rubuta tun kafin a gina bishiya ta fari, domin kowane mai zane a lokacin haihuwarsa ya ke ɗibar launinsa daga can.

Launi a kwamfuta kuwa da lamba uku a ke faɗinsa, gwargwadon ja, da kore, da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Fari shi ne 255, 255, 255. Baƙi 0, 0, 0. In aka lissafa dukan haɗin da zai yiwu, launi 16,777,216 ke nan. Yawan zaɓi ba shi ne dabara ba, yawancinsu ba su da amfani a nan.

Wannan hanya mai sauƙi ta ishi mutum in dukan layuka daidai su ke. Amma hedimasta zai zo ya ce yana so yaron da ya faɗi jarrabawa sunansa ya fito da ja, kamar yadda mu ke yi da jan biro a rajista. Yanzu dole magini ya rubuta nasa mai zane, wanda ya gaji na Swing, ya fara barin na asali ya yi aikinsa, sa'an nan ya ƙara nasa gyara a kai. Daga nan ne ramuka ke farawa.

Rami na fari daga hatimin nan ya ke fitowa. A ce magini ya rubuta: in yaro ya faɗi, a sa haruffansa su yi kauri. Ya tsaya nan, bai rubuta abin da za a yi in yaro ya ci ba. Sai a buga layin Audu wanda ya faɗi, da haruffa masu kauri, daidai. A zo layin Binta wadda ta zo ta ɗaya, hatimi yana nan yadda aka bar shi, ita ma ta fito da kauri. Kafin a jima dukan bishiyar ta yi kauri, har sunan makaranta. Mai zanen asali ya kan mai da launin rubutu da ɗan hoto daidai a kowane kira, amma ba ya taɓa siffar haruffa, ba ya kuma mai da launukan nan biyar in ka sake su a tsakiyar aiki. Saboda haka ka'idar ita ce, duk abin da ka murza don layi ɗaya, ka faɗi yadda zai kasance a sauran layuka. Kowane "in" ya zo da "in ba haka ba" nasa. Akawun da ya buga hatimin jiya a takardar yau, shi ya san abin da zai faɗa wa mai gida.

Rami na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Magini ya sa jan rubutu ga wanda ya faɗi, ya duba a farin allo, ya yi kyau, ya tashi. Bai danna sunan ba. Ran da malami ya danna, sai shuɗin zaɓi ya shigo bayan jan rubutu, sunan ya nutse kamar an jefa dutse a rijiya. Akwai ma'aunin wannan. Ƙungiyar da ke tsara ka'idodin intanet, W3C, ta fitar da jagora a 2008 mai suna WCAG 2.0, inda aka ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya. Don shafukan intanet aka yi ta, amma ido ɗaya ne ke karanta duka. Baƙi a kan fari shi ne iyaka, 21 bisa 1. Farin rubutu a kan shuɗin nan mai duhu na Windows 95, watau 0, 0, 128, ya kai 16 bisa 1. Shuɗin zaɓi na Windows 10, watau 0, 120, 215, da farin rubutu yana bakin 4.5 ɗin daidai. Amma ja tsantsa a kan wannan shuɗin, in ka yi lissafin, kamar 1.1 bisa 1 ne kawai. Watau kusan haskensu ɗaya, sai dai idon mai karatu ya yi ta yaji. Maganin kuwa yana hannu, tun da bishiya ta riga ta faɗa wa mai zane ko an zaɓi layin. In an zaɓa, a bar rubutu fari, a nuna faɗuwar yaron da ɗan hoton da ke gefen sunansa. In ba a zaɓa ba, a sa jan.

Da wannan ma'auni za mu gane abin da ya sami malaminmu na majigi. Kamannin da Swing ke zuwa da shi in ba a sake masa ba a na kiransa Metal, tun 2004 kuma launin zaɓinsa shuɗi ne fari-fari, 184, 207, 229. Baƙin rubutu yana fita ƙwarai a kansa. Amma shi kansa launin, in aka gwada shi da farin allo da ke kewaye da shi, bambancin kamar 1.6 bisa 1 ne kawai. A ɗaki mai inuwa ba laifi. A bangon aji da tsakar rana, ko a tsohuwar kwamfuta mai dusasshen allo, sai ya ɓace. Jagorar da ta biyo baya, WCAG 2.1 ta 2018, ta ce alamar da ke nuna halin da abu ke ciki ta kai 3 bisa 1 da maƙwabcinta. Ni in an tambaye ni, ga manhajar da za a yi aiki da ita a makaranta, gara shuɗi mai duhu kamar 0, 70, 140 da farin rubutu. Bambancinsu ya haura 9 bisa 1, ga shi kuwa ya fita daga farin allo ƙuru-ƙuru.

Kada kuma a dogara ga launi kaɗai. Akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai, tun haihuwa. A cikin Turawan arewacin Turai a kan sami kamar namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200. A Afirka abin bai kai haka yawa ba, amma akwai shi, da yawa kuma ba su san suna da shi ba. Wanda ya sa kore ga wanda ya ci, ja ga wanda ya faɗi, bai ƙara wata alama ba, ya bar irin wannan malami cikin duhu.

Rami na uku shi ne gyaran gangar Abzinawa. Magini ya so ya sake launin baya, sai ya kira umurnin da ya saba da shi a sauran kayan Swing, watau setBackground, ya ga babu abin da ya sake. Ya bincika, aka ce masa ai mai zanen kamar gilashi ya ke, sai an mai da shi mai duhu da setOpaque. Ya yi haka, launinsa ya fito, ya yi murna. Amma daga nan ko ya danna suna, shuɗin zaɓi ba ya fitowa. Abin da ya faru shi ne, mai zanen asali ya kan fara shafa launin zaɓi, sa'an nan ya rubuta suna a kai. Da aka mai da shi mai duhu, sai ya shafa launin zaɓin, ya sake bin kansa da sabon fenti, ya rufe shi. Garin neman gira an rasa ido. A bar shi yadda ya ke, a yi aiki da launukansa biyar ɗin nan.

Akwai kuma masu son sunan da aka zaɓa ya yi kauri. Shawarar ba ta da laifi, gama tana taimakon wanda ba ya rarrabe launi. Amma bishiya ta kan auna faɗin kowane layi ta ajiye awon, ba ta sake awo don an danna layi. An auna "Muhammadu" da siraran haruffa, yanzu ya yi ƙiba, wurin bai ishe shi ba, sai Swing ya yanke ƙarshen sunan ya sa ɗigo uku. Mai son kauri sai ya sa mai zanensa ya riƙa ba da awon haruffa masu kauri kullum, ko an zaɓa ko ba a zaɓa ba, kamar telan da ke ɗinka wa yaro riga da ɗan saura.

To, mu komo ga ragama. Allon kwamfuta yana ɗauke da abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, ga bishiya a hagu, ga akwatin rubuta maki a dama, ga maɓallai a ƙasa. Amma in ka buga harafi, wuri ɗaya kaɗai zai shiga. Wurin nan shi ke riƙe da ragama. Zaɓi daban, ragama daban. A JTree a na iya zaɓen suna goma a lokaci ɗaya, in an danne Ctrl ko Shift, amma layi ɗaya ne cikinsu ke da ɗan zaren nan a kewaye, daga shi kuma kibiyoyin sama da ƙasa za su motsa. Waɗansu magina su kan ga zaren ya ɓata musu ado su cire shi. Kuskure ne. Akawun da ya ƙware ba ya ɗaga hannu daga madannai, da wannan zaren ya ke sanin inda ya ke.

Tambaya mai wuya ita ce, in ragama ta bar bishiya ta koma akwatin maki, yaya sunan da aka zaɓa zai kasance? Kowane gida da al'adarsa. A bishiyar Windows Forms ta kamfanin Microsoft, in ba ka hana ba, zaɓin ɓacewa ya ke yi ɗungum da zarar ragama ta tashi, sai an kashe wani abu mai suna HideSelection. Ku duba haɗarin: a daidai lokacin da malami ke rubuta maki, a lokacin ne ba ya ganin sunan yaron da ya ke rubuta wa. A Metal kuwa launin ba ya sakewa ko kaɗan, sai mutum ya rasa ko madannai na bishiya ne ko na akwati. Hanyar da ta fi, a ganina, ita ce ta tsakiya, wadda tagar ajiyar takardu ta Windows ke bi: zaɓin ya tsaya, amma ya koma launin toka. A Swing mai zane yana iya tambayar bishiya ko ragama na hannunta, tun da an miƙa masa ita cikin abubuwan nan bakwai. In tana hannunta ya shafa shuɗi, in ba ta ya shafa toka. Tokar dai kada ta yi haske har ta ɓace a majigi. Toka 110, 110, 110 da farin rubutu ta ɗan haura 5 bisa 1, ta isa. A kuma tuna a sa bishiya ta sake zana kanta duka duk sa'ad da ragama ta shigo ko ta fita, in ba haka ba layi ɗaya zai koma toka, sauran tara su tsaya shuɗi.

Saura magana ɗaya a kan faɗin launin. A Metal launin zaɓi iyakarsa rubutun suna, ba ya kai wa gefe da gefe. Sunan yaro mai harafi uku, kamar Ali, ɗan tabo ne kawai a allo. Wani kamannin Swing mai suna Nimbus, wanda ya fito a 2008, shi yana shafa layin duka daga hagu zuwa dama, ya fi ganuwa nesa ba kusa ba. Amma Nimbus yana da nasa mai fenti dabam na bayan layi, don haka launin da ka ba mai zane ba lalle ya rufe layin duka ba, sai ka ga launi biyu a layi ɗaya. Gyaran da ya yi daidai a wannan kamanni ba tilas ya yi daidai a wancan ba, kamar yadda tawadar da ta kama takarda ba lalle ta kama allo ba.

Don haka kafin a miƙa manhaja ga masu aiki da ita, gani ya kori ji. A buɗe bishiya a danna suna mafi tsawo da mafi gajarta. A danna yaron da ya faɗi da wanda ya ci. A zaɓi goma tare, a koma akwatin maki, a dawo. A ajiye linzami a yi yawo da kibiyoyi kaɗai. Sa'an nan a ɗauki kwamfutar a kai aji, a haɗa ta da majigi da ƙarfe goma sha biyu na rana, a sa wani ya zauna a bencin baya ya faɗi sunan da aka zaɓa.